Magaji, ɗoriya ko sabon zubi: me za mu kira su da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Jiya ina yi wa ƙanena bayanin abin da ya sa 'yan gem suka ƙosa su ga wasan bidiyon GTA VI, sai na ji bakina ya cika da "sequel" da "remake" da "remaster", kai ka ce Hausa ta ƙare.

Mu fara da "sequel", wato sabon wasan da ya biyo bayan wani da suna iri ɗaya. Abin da ke fara zuwa baki shi ne "ci gaba", amma ni bai kwanta mini ba. GTA V ya fito a 2013, da Michael da Franklin da Trevor a birnin Los Santos. Wanda ake jira kuwa, da aka saki tallansa na farko a Disambar 2023, labarin Lucia da Jason ne a birnin Vice City. To ci gaban me? Ba labari ya ɗauko daga inda aka tsaya ba. Suna ya gada, da salo, da satar mota, da 'yan sanda suna bin ka a guje. Shi ya sa nake ganin "magaji" ta fi dacewa. Magajin GTA V. Ku furta ku ji, ai ta zauna.

Wani ɗan'uwa ya ce me zai hana "ɗoriya". Malam, kalmar ta yi kyau, sai dai ina so mu ajiye ta ga abin da ake kira DLC, wato ƙarin da ake ɗora wa wasan da ya riga ya fito. Wasan Silksong ma ya raba mana gardamar. Team Cherry, ɗan ƙaramin kamfani a Ostareliya, sun fara shi ne a matsayin ɗoriya a kan Hollow Knight na 2017. Aiki ya yi ta kumbura har suka sanar a Fabrairun 2019 cewa zai zama wasa mai zaman kansa, Hornet ce jaruma, a wata masarauta dabam. Bai fito ba sai Satumbar 2025. Kun ga ɗoriya ta girma ta zama magaji, kuma da kalma ɗaya muke da ita da ba mu iya faɗin haka ba.

"Remaster" ba ta ba ni wahala ba: kwaskwarima. Wasan nan ne dai, an goge hoto ya ƙara fitowa tar, motsi ya yi laushi. Haka aka yi wa The Last of Us na 2013 da aka kai shi PlayStation 4 bayan shekara guda.

"Remake" ce mai ƙashi. Ku duba Resident Evil 2. A na 1998 kyamara a kafe take a kusurwar ɗaki, kana jin gurnanin gawa mai tafiya ba ka ganin ta sai ta iso ka. A na 2019 kyamarar ta koma bayan kafaɗar jarumin wasan, Leon, ga tocila a hannu, ofishin 'yan sandan da ke cikin wasan an sake gina shi tun daga tushe. Wannan ya wuce shafa hoda. An narkar da tsohon ƙarfe ne an sake zuba shi, don haka na zaɓi "sabon zubi". An kawo "sake ƙira", ita ma ba laifi, amma ku gwada cewa "na sayi sake ƙirar Final Fantasy VII" ku ji yadda harshe ke sarƙewa. Shi wannan ma, na asali 1997 ne, aka sanar da sabon zubinsa a 2015, ya fito a 2020, kuma iya birnin Midgar, wato farkon labarin, kawai ya ƙunsa. Sauran sai a biyo bashi.

Shi kansa jiran, ba sai mun ƙirƙiro komai ba, jiran gawon shanu ne. An sanar da wasan Duke Nukem Forever a 1997, ya fito a 2011, waɗanda suka jira shekara 14 suka buga suka yi tsaki.

Saura "reboot", inda ake watsar da tsohon labari a faro daga farko. Ina ta juya "sake lale" a raina, irin na 'yan karta. Wanda ke da wadda ta fi ta, bismillah.