Neman kalmar Hausa: me za mu kira "earth" na wutar mota?

Jama'a, ina so mu daidaita a kan wata kalma da masu gyaran wutar mota suke furtawa kullum, amma har yanzu ba ta da tsayayyen suna a rubutun Hausa. Mutanen Ingila suna ce mata earth, na Amurka suna cewa ground, masu gyara da yawa kuma sun ari ta Ingila suna furta ta "at". Duk wanda zai rubuta bayani a kan abin da ke kashe injin tsohuwar motar shiga daji, irin su Land Rover da Land Cruiser na da, sai ya ci karo da ita tun da wuri, domin sau da yawa ita ce mai laifin da ake ɗora wa kwayil, ko famfon mai, ko kafireta.

Amsar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce "wayar ƙasa", kuma ita ce nake roƙon mu ajiye a gefe. A wutar gida sunan ya dace, domin a can da gaske ana kafa sandar ƙarfe a cikin ƙasa a ɗaura mata waya, kuma wannan waya ta tsaro ce kawai, ba ta ɗaukar wuta sai ranar da wani abu ya lalace. A mota lamarin ya sha bamban. Mota tana tsaye ne a kan tayoyin roba, babu wayar da ta haɗa ta da ƙasa, kuma abin da ake kira da wannan suna yana ɗauke da dukkan wutar da motar take ci a kowane lokaci. Masu aiki da Faransanci sun raba su tun tuni, suna cewa terre ga ta gida, masse ga ta mota. Idan muka ba su suna ɗaya, ɗan koyo zai ɗauka cewa ta mota ma ta tsaro ce da za a iya yi ba da ita ba, alhali ita ce rabin hanyar wutar gaba ɗaya.

Ga yadda abin yake. Wuta ba ta aiki sai ta fita daga batir, ta ratsa abin da za ta kunna, sannan ta koma batir. Maimakon a ja wa kowace fitila da kowace na'ura wayoyi biyu, masu ƙera mota sun ja waya ɗaya ta fita, suka bar ƙarfen motar, wato inji da shasi da bodi, ya zama hanyar da wutar za ta bi ta koma. Shi ya sa ake ɗaure kan batir ɗaya da jikin motar da waya mai kauri.

A tsohuwar motar shiga daji wannan hanya ta fi saurin lalacewa, kuma dalilan a bayyane suke. Injin yana zaune a kan roba, bodi ma a yawancinsu yana zaune a kan shasi da roba a tsakani, saboda haka ƙarafan uku ba su haɗu yadda ido yake gani ba, sai ta wasu wayoyi masu faɗi da aka saƙa kamar kitso, ɗaya daga inji zuwa shasi, wata daga shasi zuwa bodi. Motar da ta yi shekaru tana ratsa ruwa da laka da gargada, waɗannan wayoyi suna tsinkewa zare bayan zare, tsatsa kuma tana shiga ƙarƙashin notin da ya riƙe su. Land Rover tana da ƙarin matsala, domin tun fitowarta a 1948 bodinta na alminiyam ne a kan shasi na ƙarfe, kuma duk inda waɗannan biyu suka haɗu da danshi sai wani farin gari ya taru a tsakaninsu ya hana wuta wucewa sosai.

Alamun wannan lalacewa suna ruɗa mutum domin sukan bayyana nesa da inda ciwon yake. Inji yana silo lafiya, da an kunna fitilun gaba ko fankar lagireto ta tashi sai ya mutu. A kan gargada ya ɗauke, a murza makulli ya tashi kamar ba abin da ya faru. An sa sigina, sai fitilar birki ta riƙa kyaftawa tare da ita. Allurar zafin inji ta hau da zarar an kunna fitila. Wani lokaci wayar totur ko ta birkin hannu ce za ta yi zafi idan ana tayar da mota, domin wutar sitata ta rasa hanyarta ta bi ta inda ta samu. A motocin da ke da kwamfuta abin ya fi muni, tunda na'urorin da ke auna wa inji iska da zafi suna aiki ne da bolt 5 kawai, ɗan kaucewa kaɗan ya isa ya sa kwamfutar ta ba da man da bai dace ba. Yawancin motocin da aka ƙera kafin 1996, shekarar da Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, ba su da wannan mahaɗa ta bai ɗaya da ake jona na'urar bincike, don haka mai gyara ya dogara ne da mita da kunne da fahimta. Mutuwar da rashin mai ya jawo takan zo da tari da shessheƙa, ta wuta kuwa takan zo farat ɗaya, kamar an kashe makulli.

Gwajin ma yana nuna mana irin kalmar da muke bukata. Batir mai lafiya da ya huta yana ba da kusan bolt 12.6, idan inji yana aiki kuma ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. To, ana iya samun waɗannan lambobi daidai amma matsalar tana nan. Haka nan idan aka auna wayar da mita alhali ba ta ɗauke da wuta, za ta nuna a haɗe take ko da zare ɗaya ne ya rage. Gwajin gaskiya shi ne a ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir mai alamar ɗebewa, ɗayan a jikin inji, sannan a murza sitata. Abin da mitar ta nuna shi ne ƙarfin wutar da ya salwanta a hanya, kuma bai kamata ya kai rabin bolt ba. Lissafin mai sauƙi ne: tsatsar da ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na om (ma'aunin yadda abu ke tare wuta), idan sitata ta ja amfiya 200 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana), za ta cinye bolt 2 cur. Wanda ba shi da mita yana iya jona wayar tayar da batir daga wannan kan zuwa jikin inji. Idan motar ta daina mutuwa, an kama mai laifi. Duk wannan aunawa ce ta hanyar da wuta take bi ta koma, kuma ƙasa ba ta shigo ko sau ɗaya ba.

Yanzu ga shawarwarin da aka kawo. Wani ɗan uwa mai sana'ar ya ce a bar "at" yadda take, tunda mun karɓi fulogi da fiyus da salansa ba mu yi asara ba. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma ba na tsammanin za ta bar bakin masu gyara. Damuwata ita ce a rubuce ba ta gaya wa mai karatu komai, kuma ranar da ya tambayi ma'anarta za a ce masa "ƙasa", mu koma gidan jiya. Wani ya ce "wayar jiki", tunda da jikin mota ake ɗaure ta. Wannan ta fi, sai dai ta faɗi inda wayar take ne, ba ta faɗi aikinta ba, ga shi kuma ba kullum waya ba ce, sau da yawa notin da ya riƙe altaneta ko gindin fitila shi ne ke wannan aiki. An kuma kawo "nagatif", wadda ta yi daidai da yawancin motoci amma ta karye a kan tsofaffin na Ingila: Land Rover sai a 1967 ta koma ɗaure kan ɗebewa da jiki, kafin nan kan tarawa ake ɗaurewa, kuma wanda ya jona batir a irin wannan mota bisa al'ada zai iya ƙona kaya.

Shawarar da ta fi burge ni ita ce "makoma", wato inda ake komawa, domin ginin kalmar ya kama ma'anar sarai. Amma da zarar an ce "makomar wuta" kunnen Bahaushe ya tafi wani wuri dabam mai nauyi, kuma ba zai yiwu a koyar da yara sana'a da kalmar da za ta sa su yi turus ba.

Saboda haka abin da na tsaya a kai shi ne tushen wannan kalma ba tare da nauyinta ba, wato "komawa". Dukkan hanyar, da ƙarfe da waya, a ce mata hanyar komawa. Saƙaƙƙiyar wayar nan ta zama wayar komawa. Wurin da aka ɗaure ta da noti ya zama maɗaurin komawa. Sunan bai damu da wane kan batir aka ɗaure ba, bai kuma damu da launi ba, ko ruwan ƙasa ce kamar a motocin Jamus, ko baƙa kamar a tsofaffin na Ingila, ko fara mai baƙin layi kamar a Toyota. Na gwada ta a irin jimlolin da za a bukata, kuma ta zauna: "Komawar inji ta yi rauni, shi ya sa yake mutuwa idan fanka ta tashi." "Kwance maɗaurin komawa na shasi, ka goge shi da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure, sannan ka shafa giris a kai." "Kafin ka taɓa kwayil, auna komawa." Ina roƙon masu koyar da yara wannan sana'a su faɗa wa sabon ɗan koyo jimla ta ƙarshe ba tare da ƙarin bayani ba, su gaya mana ko ya san inda zai ɗora tsinken mita.