Ba a taɓa kama ɗan wasansa da ƙwaya ba, amma an kore shi har abada: adalci ne?

Tsohon_Ɗan_Tsere ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Wata gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanina da abokina, wanda muka yi guje-guje tare a zamanin ƙuruciya, shi ya sa na ce bari in ji ta bakinku. Maganar Alberto Salazar ce, kocin nan na Amurka da ya jagoranci Nike Oregon Project, ƙungiyar 'yan gudu mai nisa ta kamfanin Nike.

Ga wanda bai san shi ba, mutumin ba ƙaramin gwani ba ne. Shi ya lashe gudun famfalaki na New York sau uku a jere, 1980, 1981 da 1982, ya haɗa da na Boston a 1982. Da ya koma horarwa, a hannunsa Mo Farah na Birtaniya da Galen Rupp na Amurka suka zo na ɗaya da na biyu a tseren mita 10,000 na gasar Olamfik ta Landan a 2012. Sai ga shi a 2019, ana tsakiyar gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya a Doha, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka, USADA, ta sanar da dakatar da shi shekara 4, shi da likitan da suke aiki tare, Jeffrey Brown. Nan take aka ƙwace katinsa na shiga filin wasa, aka hana 'yan wasansa hulɗa da shi, alhali wasunsu ba su gama tserensu ba. Ba a yi mako biyu ba kamfanin Nike ya rufe ƙungiyar. Daga baya kuma aka yi masa korar har abada.

Abokina na ganin ba a yi masa adalci ba. Hujjarsa ɗaya ce, kuma ba ya gajiya da maimaita ta: nuna mini ɗan wasa ɗaya na ƙungiyar da gwajin fitsari ko na jini ya kama. Babu. Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Amma ku dubi abin da aka same shi da shi. An shafa wa 'ya'yansa maza biyu man da ke ɗauke da sinadarin testosterone mai ƙara ƙarfin jiki, aka riƙa gwada fitsarinsu don a ga iya adadin da zai sa gwaji ya kama mutum. Shi ya ce ya yi hakan ne don tsoron kada wani maƙiyi ya shafa wa 'yan wasansa man a ɓoye, ya ja musu. To, ko da an yarda da wannan, me koci yake yi da sinadarin da aka haramta a filin horo? Sannan akwai ƙarin ruwa na L-carnitine da aka yi wa mataimakinsa Steve Magness don gwaji. Shi sinadarin ba haramtacce ba ne, yawan ruwan ne matsala: doka a lokacin ta ce kada a wuce mililita 50 cikin awa 6, aka ɗura masa kusan lita guda.

Ni abin da ke ci min rai shi ne bambancin awo. Ɗan wasa, da zarar an samu abu a jikinsa, shi ke nan, doka ba ta tambayar ko ya sani ko bai sani ba kafin ta ce ya yi laifi. Yaro ɗan shekara 19 zai sha abin da aka miƙa masa, a kore shi, a ƙwace lambarsa, sunansa ya ɓaci. Wanda ya miƙa masa kuwa sai ya koma fili washegari da agogonsa a wuya, ya ɗauki wani yaron. Kafin a taɓa Salazar sai da tsohuwar 'yar wasansa Kara Goucher da Magness suka fito fili a rahoton kafofin labarai na BBC da ProPublica a 2015, aka kuma shafe shekara 4 ana bincike da shari'a. Idan sai gwaji ya kama ɗan wasa kafin a hukunta koci, ai mun ba wa kocin da ya fi iya kauce wa gwaji lada kenan.

To ni dai a ganina hukuncin ya yi daidai, har ma ya zo a makare. Ku fa?

Malam_Agogo ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni mai horarwa ne, ƙaramin koci ba irin su Salazar ba, kuma zan ɗan ja da kai.

Ka tsallake wani abu. Lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta wasanni, CAS, ta tabbatar da dakatarwar a Satumbar 2021, ita da kanta ta ce ba a kawo mata wata hujja da ke nuna laifuffukan sun shafi sakamakon manyan 'yan wasan ƙungiyar ba. Ka kwatanta shi da Viktor Chegin na Rasha, kocin tseren tafiya da ƙafa a garin Saransk, wanda aka kama 'yan wasansa sama da 20 kafin a kore shi har abada a 2016. Ko Trevor Graham, kocin 'yar tseren Amurka Marion Jones, da aka yi wa korar dindindin a 2008. Waɗannan ruwa bai yi tsami banza ba, an ga ɓarnar a jikin mutane. Ban ce a wanke Salazar ba, shekara 4 ɗin ya ci abinsa. Abin da nake tsoro shi ne a mayar da zargi ya zama hukunci. Ɗan wasa ya kasa yin abin kirki, ya fusata, ya fita ya ce koci ya zalunce shi, kafofin sada zumunta su yanke hukunci kafin a ji ta bakin mutum. Horon gudu wahala ce tsagwaronta. Wanda bai taɓa tsayawa yana kallon yaro na amai bayan zagaye na goma ba, ya ce masa saura biyu, zai ɗauka duk koci mugu ne.

Yar_Mita_1500 ta rubuta:

Malam Agogo, da girmamawa, amma kun tsaya kan ƙwaya, kun bar babbar magana. Korar dindindin ɗin ba USADA ce ta yi masa ba. Cibiyar SafeSport ce ta Amurka, mai kare 'yan wasa daga cin zarafi, a Yulin 2021, kan cin zarafi ta fuskar lalata da kuma muzgunawa. Ya musanta, ya ɗaukaka ƙara, mai sasanci ya saurara, ya tabbatar da hukuncin a Disambar shekarar. Don haka ba a Facebook aka yanke masa ba.

Ku tuna da Mary Cain, wadda ta yi horo a hannun Salazar. Tana 'yar shekara 17 ta kai tseren ƙarshe na mita 1500 a gasar duniya ta Mosko a 2013, ta ci zinaren mita 3000 a gasar matasa ta duniya a 2014. A Nuwambar 2019 ta fito a jaridar New York Times ta ce an ƙayyade mata nauyin da ba za ta wuce ba, fam 114, wato kusan kilo 52, ana ɗora ta kan sikeli a gaban abokan horonta. Ta ce jinin al'adarta ya ɗauke shekara 3, ƙasusuwa 5 suka tsage a jikinta. Duk macen da ta yi gudu mai nisa ta san yadda abin yake tafiya: ki rage ci, jiki ya rasa makamashi, al'ada ta tsaya, ƙashi ya yi laushi, sai karaya. Kocin da ke karɓar albashin ƙwararre ba shi da uzurin cewa bai san wannan ba.

Ni ma na taɓa horo a hannun wani, ba zan kama suna ba, da ke tsayawa a bayanmu lokacin cin abinci yana leƙa farantin kowa. Ba ya cewa komai, sai dai ya yi tsaki ya wuce. Wata a cikinmu ta koma ɓoye abincinta a jaka ta zubar. Babu gwajin fitsarin da zai nuna wannan, Malam. Kuma ba za ki iya kai ƙara ba, don shi ke rubuta sunayen waɗanda za su tafi gasa.

Malam_Agogo ya rubuta:

'Yar'uwa, Allah Ya ba ki haƙuri, wannan ba horo ba ne. Ni dai a kafa ƙa'ida a rubuce, a ji ta bakin kowa, kuma masu binciken kada su kasance ma'aikatan wanda ke biyan kocin.

Tsohon_Ɗan_Tsere ya rubuta:

Malam, ƙarshen maganarka ita ce wurin da gizo ke saƙa. Ranar da aka dakatar da Salazar, Nike cewa ya yi yana goyon bayansa wajen ɗaukaka ƙara, kuma sunansa ya ci gaba da zama a jikin wani gini na hedkwatar kamfanin har 2021. Wa zai binciki mutumin da ke kawo masa zinare? A Birtaniya ma sai a 2022 hukumarsu ta guje-guje da tsalle-tsalle ta yi wa Toni Minichiello, tsohon kocin fitacciyar 'yar wasa Jessica Ennis-Hill, korar har abada kan lalata da cin zarafin 'yan wasa mata, abubuwan da kwamitin bincike ya ce sun ɗauki shekara 15 suna faruwa.

Akwai kuma wata ɓaraka da ba mu taɓo ba. Wanda aka kora kan ƙwaya, dokar hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, tun 2015 ta hana kowane ɗan wasa a duniya yin aiki da shi, wanda ya yi kuwa shi ma za a hukunta shi. Amma hukuncin SafeSport iyakarsa wasannin da ke ƙarƙashin kwamitin Olamfik na Amurka. Akwai wanda ya san abin da zai hana irin wannan koci ya tsallaka wata ƙasa ya buɗe sabon sansani? Ina so in ji daga waɗanda suka san dokokin World Athletics, hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, a kan wannan.