Me za mu ce da "striping" a Hausa? Gobe zan shiga aji

Nasiru: Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min da gaggawa. Gobe Asabar ƙarfe 10 ina da darasi da yaran da ke koyon gyaran kwamfuta a shagona kuma na yi musu alƙawarin takarda da Hausa. Wani mai tace bidiyon biki ne ya kawo kwamfutarsa, Windows ɗinsa na kan SSD, wato faifan ajiyar bayanai, mai 256GB ya cika maƙil, za mu kwashe shi mu mayar kan SSD biyu masu 1TB kowanne da aka haɗa RAID 0 su zama 2TB guda. Kwashewar na sa mata ƙaura, RAID 1, inda faifai biyu ke riƙe da abu iri ɗaya, na sa madubi, amma striping ɗin nan, wato yadda RAID 0 ke ajiye fayil, ya gagare ni.

Sadiƙ: Ratsi mana oga, stripe ai ratsi ne

Hadiza: A'a Sadiƙ, kana cewa ratsi yaro zai tuna atamfa. Abin da ke faruwa shi ne ana yanyanka fayil gunduwa-gunduwa, 64KB ko 128KB, ta farko ta tafi faifai na ɗaya ta biyu ta tafi na biyu haka har ya ƙare. Ni karɓa-karɓa zan ce.

Nasiru: Na so shi Anti Hadiza, sai dai a karɓa-karɓa ɗaya na aiki ɗaya na jiran layinsa, su kuwa waɗannan tare suke rubutu, daga nan saurin yake zuwa.

Malam Ado: LUGUDE. Kun bar kalma a tsakar gidanku kuna ta lalube. Mata biyu da taɓare biyu, wannan ta sauke wannan ta ɗaga, babu mai hutawa, kafin ka ankara an gama surfe. Shekara 30 ina koyar da Hausa ban ga kalmar da ta zauna daram kamar wannan ba. Kuma Nasiru ɗana, mene ne SSD da kwamfuta a takardar da ka ce ta Hausa ce? Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta mutu ne?

Sadiƙ: Baba da girmanka, in na ce wa kwastoma na'urarka mai ƙwaƙwalwa na buƙatar lugude zai ɗauki kayansa ya koma shagon gaba wallahi

Malam Ado: To wannan kunyar harshenku ita ke damuna. Baturen da ya ce stripe shi ma daga zanen tufafi ya aro, a jami'ar Berkeley ta Amurka aka fito da sunan RAID ɗin a takardar 1988, su ba su ji kunyar kalmar gida ba sai mu.

Abdu Damagaram: Ina bayan Malam. Mu nan Nijar ba mu tashi da Ingilishi ba, in kun rubuta sitirayifin ba abin da za mu gane, sannan ku ce Hausa ce. Hausar Kano ba ita kaɗai ba ce Hausa, ku riƙa tunawa da mu.

Sadiƙ: Ku ma ai Faransanci kuke cusawa, wa ya yi ƙorafi?

Hadiza: Don Allah a bar zancen Kano da Damagaram, bawan Allah nan gobe zai shiga aji.

Nasiru: Baba, lugude ya yi daɗi a kunne amma ga abin da ke tsorata ni. A lugude turmi ɗaya ne, nan kuwa turmi biyu ne, kuma in mace ɗaya ta ajiye taɓarya ɗayar za ta ci gaba da daka hatsi na nan. A RAID 0 faifai ɗaya ya mutu komai ya tafi, don kowane babban fayil rabinsa na nan rabinsa na can. Bara wani ya zo shagona da bidiyon bukukuwa huɗu da bai ba masu su ba, faifai ɗaya ya daina nunawa a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ya zauna kan benci ya riƙe kai yana ta tambayata ko za a iya ciro rabi daga mai ran, na ce masa rabin nan ba ya buɗuwa. Kalmar da nake nema sai ta sa yaro ya ji cewa kayan a rarrabe suke.

Hadiza: To ai ka faɗa da bakinka. Ajiyar rarrabe. Kuma ka sa musu a takardar cewa in an canza saitin faifai a BIOS daga AHCI, wato faifai ɗai-ɗai, zuwa RAID ba a sa direban Intel RST, manhajar da ke sa Windows ya gane RAID ɗin, ba kafin ƙaurar, Windows zai tashi da shuɗin allo.

Abdu Damagaram: Rarrabe kam ko a Zinder an gane shi.

Malam Ado: Rarrabe ba ta nuna sauri ba, kalma ce mara armashi. Amma takardarka ce.

Nasiru: Zan rubuta RAID 0, wato ajiyar rarrabe, sai in kawo misalin lugude wajen bayanin sauri in ce daga bakin Baba na ji. SSD kuma zan bar shi SSD don haka yake a jikin kwali. Saura clone, wato kwafe faifai sukutum zuwa wani, wa ke da shawara?

Malam Ado: Ni dai a ajina lugude zan ci gaba da cewa.