Ɗan fansho da bashin fam dubu tara: a shiga DMP ko a fasa asusun fansho?

Baban Sadiq: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi wata magana, wanda zai ji haushi ya ji. Wannan tsarin biyan bashi da ake kira DMP, da ake ta tura dattawanmu ciki a nan Ingila, ba na ɗan fansho ba ne. Kawun maiɗakina yana Lesta, shekararsa 68, gidan haya na kansila yake zaune. Ana bin sa £9,000: katin bashi £5,400, rancen banki £2,700, kayan da ya ɗauka biya sannu-sannu £900. Da aka cire haya, abinci, wuta da gas, £40 ta rage masa a wata. Ku yi lissafin da kanku. Wata 225 ke nan, shekara 18 da wata 9. Sai ya doshi 87 kafin ya gama. Yana da £6,000 a asusun fanshon wurin aikinsa da bai taɓa ba. Ni na ce a fasa a rage bashin, ya huta.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, lissafinka daidai ne, maganinka ne ban yarda da shi ba. Bari in fara da yadda abin yake tafiya don waɗanda ba su sani ba. Mutum zai je wurin masu ba da shawara kyauta, irin su StepChange ko PayPlan, a rubuta abin da ke shigo masa da abin da ke fita. Abin da ya rage shi zai riƙa tura musu sau ɗaya a wata, su kuma su raba wa masu bin bashi gwargwadon abin da kowa ke bi. A lissafin kawu, mai kati ya ɗauki £24, banki £12, masu kaya £4. Sannan su roƙi a dakatar da kuɗin ruwa da tarar jinkiri.

Injiniya: "Su roƙi." Nan gizo ke saƙa, Hajiya. Roƙo ne, ba doka ba. DMP yarjejeniyar fahimta ce kawai. Mai bin bashi yana iya ƙin dakatar da kuɗin ruwa, yana iya sayar da bashin ga wani kamfanin, yana iya zuwa kotu ko da kana biya kowane wata. Kuma tabon gaza biya zai zauna a tarihin bashinka shekara 6.

Maman Ummi: Ban musa ba, Injiniya. Amma a aikace yawancinsu suna dakatarwa, domin ƙa'idojin FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi, sun ɗora musu yin sassauci ga wanda ya shiga matsi. Shi kuwa tabon shekara 6, dattijo mai 68 da ba gida zai saya ba, me zai rage shi da shi?

Baban Sadiq: To ai duk wannan bai amsa maganata ba. Kuɗi na ajiye, bashi na tsaye.

Maman Ummi: Yanzu zan amsa. Muddin kuɗin nan suna cikin asusun fansho, da wuya mai bin bashi ya iya tilasta masa ya ciro. Ko wanda kotu ta ayyana ya karye ba a tilasta shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke haka a shari'ar Horton da Henry a 2016. Ranar da ya ciro su suka sauka a asusun banki, wannan kariyar ta tafi. Sannan kashi 25 cikin 100 ne kawai babu haraji, sauran ana haɗa su da kuɗin shigarsa na shekara a yi musu lissafin haraji. Ko £6,000 ɗin ta zo cif, saura £3,000 na nan. Ya rasa tanadin tsufansa, bashi bai ƙare ba. Ina hutun?

Hajiya Babba: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, ni na shiga wannan ruwan bayan rasuwar maigida. Takardu suka riƙa zuwa, ina tara su bayan firji ban buɗe ba. Waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Abin da ya fi ƙona min rai, bankin da fanshona ke shiga shi ne kuma yake bi na bashin kati. Wata safiya na je cire kuɗin cefane na tarar sun yanki nasu ba sallama. Ashe suna da wannan damar. Yarinyar da ta duba min takardu, abin da ta fara sa ni yi shi ne buɗe ƙaramin asusu a wani bankin da ba ya bi na ko kwabo, aka mai da fanshona can. Ku faɗa wa kawunku ya fara da wannan tun kafin komai.

Baban Sadiq: Allah ya jiƙan Alhaji. Hajiya, kin gama biya?

Hajiya Babba: Amin. Ban gama ba, ɗana. Amma ina barci. Ɗaya daga cikinsu ma da aka aika musu takardar likita da shekaruna, yafewa suka yi. Sauran ina ba su abin da ya samu.

Injiniya: Ku lura, ba kowane bashi ke shiga DMP ba. Kuɗin haya, harajin kansila, wuta da gas, tarar kotu, waɗannan su ne gaba, don a kansu ake korar mutum daga gida ko a turo masu kwasar kaya. Na ga wanda yake ta biyan kati saboda su suka fi damun sa da waya, ya bar haya ta taru. Mai hayaniya ba shi ne mai haƙori ba. Kuma a san bambanci: fanshon gwamnati kotu ba ta ba da umarnin a riƙa yanka daga tushe saboda bashin kati, amma fanshon wurin aiki da aka fara karɓa ana iya yi. Mai gidan kansa kuwa, bayan hukuncin kotu ana iya rataya bashin a kan gidan.

Ɗan Damagaram: Mu nan Gilasgo abin ya bambanta. Sikotilan tana da nata tsarin, DAS, wanda doka ta tsaya masa. Idan aka amince, kuɗin ruwa ya tsaya dole, ba roƙo.

Maman Ummi: Haka ne. Mu a Ingila da Wales abin da muke da shi kusa da haka shi ne Breathing Space, tun Mayun 2021: kwana 60 babu kuɗin ruwa, babu matsa lamba, mutum ya samu ya yi shawara. Kuma Baban Sadiq, inda kake da gaskiya zan ba ka. DMP na shekara 18 ba dabara ba ce. Da kawu a gabana yake, DRO, wato umarnin sauƙaƙa bashi ga marasa hali, zan fara dubawa. Wanda ba shi da gida, bashinsa bai wuce £50,000 ba, abin da ke rage masa a wata bai wuce £75 ba, kadararsa ba ta wuce £2,000 ba, ana dakatar da bashin wata 12, idan halinsa bai canza ba a shafe. Kuɗin nema £90 da ake biya a da, an soke shi a Afrilun 2024. Sai dai mai ba da shawara zai duba wannan £6,000 ɗin tukuna, tunda ya kai shekarun cirewa. Kuma a duba masa Pension Credit, wato cikon da gwamnati ke ba 'yan fansho masu ƙaramin samu. Cikakken fanshon gwamnati £230.25 ne a mako a shekarar 2025 zuwa 2026, amma sai mai shekara 35 yana biyan inshorar ƙasa. Da yawan iyayenmu da girmansu suka zo, ba su kai ba, kuma ba sa neman cikon da ya halatta gare su.

Malam na Bradford: Maman Ummi, a nan ni kuma na tsaya. "A shafe" a takardar gwamnati, to a wurin Allah fa? Hadisi ya zo cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. An kawo gawa gaban Manzon Allah (SAW) ya ƙi yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Shi ya sa ni DMP ta fi kwanta min: mutum yana biya gwargwadon ƙarfinsa, an dakatar da riba, uwar kuɗi kawai yake mayarwa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara jinkiri ta ce a yi wa wanda ke cikin ƙunci.

Injiniya: Allah gafarta Malam, ƙarshen ayar ai cewa ta yi yafewar ta fi alheri.

Malam na Bradford: Ga mai bin bashi, idan ya yafe da kansa. Ba a ce wani ya yafe a madadinsa ba.

Injiniya: Bankin da ya ba da kati ya san dokar ƙasar da yake ciki, a kanta ya ƙulla cinikin. Ni ina ganin ya yarda tun farko.

Malam na Bradford: Wannan mas'ala ce ta zama, ba ta waya ba. Abin da ba saɓani a kansa, mai bashi yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka. Mu nawa ne a nan? £9,000 ta fi ƙarfinmu?

Hajiya Babba: Bashi hanji ne, Malam, yana cikin kowa. Rabin masu karanta wannan ma ana bin su, shiru kawai suka yi.

Baban Sadiq: Tsoron kawu ke nan, kada ya rasu a bi 'ya'yansa.

Maman Ummi: A dokar nan ba a gadon bashi. Ana biya daga abin da mamaci ya bari, idan bai isa ba sauran ya faɗi, sai fa wanda suka ci bashin tare ko wanda ya tsaya masa. Ka tabbatar babu sa hannun matarsa a rancen bankin. Kuma don Allah kada ya bi kamfanonin nan masu talla a Facebook, suna yankar ladansu daga cikin £40 ɗin, alhali aikin nan kyauta ake yin sa.

Baban Sadiq: Zan kai shi a duba masa DRO ɗin, asusun fansho kuma na janye. Amma maganata ta farko tana nan: DMP ba ta ɗan fansho ba ce.

Hajiya Babba: Ni 'yar mene ce, ɗana?

Baban Sadiq: Tuba nake, Hajiya. Ba ta kawu ba ce, to. Malam, maganar zakka da gaske kake? In haka ne a sa ta a taron Asabar.

Malam na Bradford: A sa. Amma a nemi izinin dattijon tukuna kafin a ambaci sunansa a gaban jama'a.