Pano na satelit, ta ƙaƙa ake sanin kuran da zai bayar can sama?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Ni kafa pano nike yi nan Damagaram, mun san ƙura da zafi ke cinye mana ƙarfi, hunturu na shigowa batir ba ta cika sai an hau an goge. To na satelit da ba mai hawa ya duba, ta ƙaƙa injiniyoyi ke sanin abin da zai bayar nan da shekara 15?

Malam Fizik:
Wa alaikumus salam ƙanena. Can rana ta fi ƙarfi, wajen wat 1361 a kan murabba'in mita, mu nan doron ƙasa kuwa da wat 1000 ake lissafi, kuma ko shi yana motsi don a Janairu duniya ta fi kusa da rana, a Yuli ta fi nisa, bambancin ya kai kashi 7 cikin 100. Ƙura babu, amma akwai ilektaron da furoton masu gudu, balle wajen ɗamarar Van Allen, wato yankin da suke taruwa kewaye da duniya, kullum suna dukan sel ɗin panon mai juya haske zuwa kuran suna rage mishi ƙarfi kuma wannan ba ya goguwa. Shi ya sa tun a labo ake harba mishi ilektaron daidai abin da zai sha tsawon rayuwarshi, a auna abin da ya rage, da wannan ragowar ake yanke girman panon, ba da ƙarfin ranar farko ba. Ni a ganina nan duk aikin yake.

Yaron Zango:
Malam kar a manta da inuwa. Satelit na ƙasa-ƙasa yana zagaye duniya cikin minti 90, kusan 35 a duhu, batir ce ke riƙe shi. Na kilomita 35,786 kuwa sai wajen Maris da Satumba yake shiga inuwa, iyakarta minti 72. Ga zafi kuma ba iskar da za ta huce shi, voltaj sai ya sauka, dole a lissafa shi ma.

Hajiya Injiniya:
Lissafin sel kaɗai ba ya isa fa. Satelit NigComSat-1 na Najeriya an harba shi daga Sin a 2007, Nuwamban 2008 ya mutu saboda matsalar fukafukan panon, ko shekara 2 bai yi ba.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai. Malam to sel ɗin irin namu ne na silikon?

Malam Fizik:
A'a, yanzu yawanci galiyom arsenayid ne mai hawa 3, yana juya wajen kashi 30 cikin 100 na hasken, sai dai tsadarshi ba ta rufin gida ba ce.