Hawa Keke A Hunturun Ingila: Yadda Ake Kare Ƙafa

Masu zuwa aiki a keke a Landan bakinsu ya zo ɗaya: yawancin ruwan da ke jiƙa ƙafa daga tayar gaba yake fantsamowa, don haka a fara sa madigadi mai tsawo. Safar auduga kuwa a manta da ita, ta ulu ke riƙe ɗumi ko ta jiƙe. Kada a cusa safa biyu cikin matsattsen takalmi, jini ba zai zaga ba, yatsu su sandare.

Kan ɗaura leda a ƙafa aka rabu. Wasu na yabo, wasu sun ce gumi take tarawa, kuma da gaskiyarsu. Rigar takalmi ta roba ta fi, amma ƙafar wando ta sauko kanta, kada ruwa ya zurara ciki. Da dare a cusa wa takalmin tsohuwar jarida, ta tsotse danshin.