Wata 14 a Suwidin, har yanzu bakina ya ƙi buɗewa

Maman Biyu:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na biyo maigidana Suwidin wata 14 da suka wuce, muna wani gari kusa da Upsala. A gida koyarwa nake yi a firamare, shekara tara ina riƙe da aji. Ban ma so tahowa ba, sai da Hajiyarmu ta sa baki, ta ce aure ba ya zama ta waya. Na sayar da keken ɗinkina, na bar wa ƙanwata zubin adashina, na taho. Da lambar shaidar zama a ƙasar, wato personnummer, ta fito na shiga SFI, karatun yare na baƙi da ƙaramar hukuma ke bayarwa kyauta. Aji C aka sa ni, har yau ina nan. Rubutu ina ganewa, amma da na buɗe baki a kanti sai a juya mini Turanci. Ko sju, wato bakwai, ta ƙi fita daidai. Satin jiya kuma na tarar da takarda a ɗakin wanki na gidanmu, wai na shiga lokacin wankin wata maƙwabciya. Matar kullum muna haɗuwa a matakala, "hej" kawai, wato sannu, ba tambayar yara. Ranar na yi kuka. In bar karatun in nemi aikin da Turanci ya isa, ko in daure?

Alhajin Malmo:
Ƙanwata, shekara 19 nake ƙasar nan, ki ji da kyau. Kada ki bari. Aji D ne kawai ya rage miki a SFI, daga nan Komvux, makarantar manya, ki ci gaba da yaren, kuma ba za ki koma aji a matsayin cikakkiyar malama ba sai da lasisin Skolverket, hukumar ilimi ta ƙasar. In an juya miki Turanci ki ce "jag vill öva svenska", ina son in gwada yarenku, ki ci gaba da naki. Kowane sunan abu ki haddace shi tare da en ko ett ɗinsa, 'yar kalmar da ke zuwa kafin suna a yarensu. Ki karanta jaridar 8 Sidor, ki saurari labaran Radio Sweden na sauƙaƙan yare kullum. Takardar wanki kuma ba ƙiyayya ba ce, lokaci ake kamawa a allo, wanda ya kama nasa ne. Matsalarmu ita ce yini a waya da mutanen gida. Na sha faɗa a taro, aka ce na cika iyayi.

Antin Gotenbog:
Alhaji, ba kowa aji ke buɗe wa baki ba. Ni a gidan kula da tsofaffi na koya, lokacin fika, ana shan kofi da burodin kirfa, dole ki tanka. Ƙanwata ki nemi aiki ko wane iri. Amma ki riƙe Hausa a gida. Nawa uku yanzu in na yi musu Hausa da yaren nan suke amsawa, kakarsu ta kira a waya sai kallon-kallo. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Maman Biyu:
Alhaji na gode, amma ni ba yini nake a waya ba. Hajiyarmu ba ta da lafiya, dole in kira. Kuma malamarmu ta girmi mahaifiyata, wai in kira ta da sunanta gatsal. Bakina ba ya iyawa, shi ya sa ko tambaya ba na yi.

Alhajin Malmo:
Tun ƙarshen shekarun 1960 suka koma ce wa kowa du, wato kai ko ke, har likita da sunansa ake kiransa. A wurinsu ba raini ba ne. Ki gaya mana gaskiya, sau nawa kike zuwa aji a sati?

Ɗan Damagaram:
Yaya, ni ba ni da Turanci, Faransanci na zo da shi, don haka ba wanda ya samu abin juya mini. Ki leƙa laburaren garinku, da yawa suna yin språkcafé, hira ce kawai da 'yan ƙasa. Ni duhun Disamba ne ya kusa mai da ni gida, kafin ƙarfe 3 rana ta faɗi, ka yi Magariba ka rasa abin yi da sauran yinin.

Maman Biyu:
Ina zuwa gwargwadon hali, Alhaji. Ƙaramin bai kai shiga makarantar reno ba, maigida kuma aikin dare yake yi. Anti, aikin tsofaffi ban san ko zai yarda ba.

Antin Gotenbog:
To ki kai yaron öppna förskolan, wurin wasan ƙananan yara, iyaye na zama tare da 'ya'yansu, ba a biya.

Alhajin Malmo:
Wannan duk kewaye ne. Aji dai, aji.

Maman Biyu:
Zan yi magana da shi in ya tashi. Ita matar wankin fa, in ƙwanƙwasa mata ƙofa in ba ta haƙuri, ko ni ma takarda zan rubuta?